Ranar da Aka Goya Ni Zuwa Gidan Yaye

Keken maigidana a cikin ɗaki yake kwana, jingine da bango ta wajen ƙafar gado. Ɗaki ɗaya gare mu a wani gidan haya a Makera, ga gado, ga kwanuka, ga buhun masara, amma keken nan dole a yi masa wuri. Baƙi ne, mai faffaɗar kariyar ɗaura kaya a baya. Da shi yake zuwa masaƙa a Kakuri, da shi kuma yake zuwa gaida mahaifiyarsa duk ƙarshen wata, a wani ƙauye can bayan Kakau, cikin duwatsu.

Ni ban taɓa bin hanyar a keke ba. Sau biyu na je ƙauyen, duk a bayan motar kasuwa, a matse tsakanin buhuna, ban ga komai ba sai ƙeyar mutane. Amma na san hanyar a jikin wandonsa. In na zo wanki na ga jar ƙasa a gwiwa, na san ya bar kwalta. Baƙin taɓo a bakin ƙafa, ya ƙetare fadama ke nan. In kuwa 'ya'yan ciyawa suka manne har cinya, to rafi ya cika, ya zagaya ta gonaki. Shi kuma ya raɗa wa wurare sunaye nasa na kansa. Akwai Tudun Sauka, inda ko waye kai sai ka sauka ka tura. Akwai Gangaren Salati. Da na tambaye shi dalilin wannan sunan, sai ya ce ranar da na bi ta wurin ba sai na tambayi kowa ba.

Yana da wata ɗabi'a da ba ta canzawa. In ya dawo daga aiki, da ya iso ƙofar gida sai ya kaɗa ƙararrawa sau biyu. Ni kuma ko me nake yi sai in ajiye, in sunkuci yarinyarmu in saɓa a kafaɗa mu fita tarbarsa. Tun tana rarrafe ta gane. Da ta ji ƙararrawa biyu ba ta duban ƙofa, ni take juyowa ta ɗaga hannuwa sama, tana jira in ɗauke ta.

Ba zan rubuta sunanta a nan ba, don ban taɓa faɗinsa da bakina ba. 'Yar fari ce, kuma ni an tashe ni da kunyar ɗan fari sosai. A gidan haya, inda babu babba a kaina, ina yi mata wasa son raina. Amma a gaban Inna, mahaifiyar maigidana, ko tuntuɓe ta yi sai in kau da kai, wani ya ɗaga ta.

Damuwata da ita guda ɗaya ce, ba ta ci. Ta yi wata ashirin da ɗaya a duniya, in ban da nono babu abin da ya taɓa wuce maƙogwaronta da daɗin rai. Kunu, fate, shinkafa da na dafa har ta narke, duk na gwada. Akwai wani ɗan cokalin roba shuɗi, da shi nake bin ta tsakar gida, daga bakin rijiya zuwa zaure, ita ta datse baki, ni kamar in yi kuka. Wani lokaci in ta gaji ta karɓi cokali ɗaya, ta riƙe a kumatu, sai na juya ta tofar. Ina da ƙane da ya rasu wata biyu bayan an yaye shi, lokacin ina 'yar shekara tara. Na ga yadda wuyansa ya koma kamar sillen kara. Ban taɓa gaya wa kowa cewa shi nake gani duk lokacin da yarinyar nan ta kau da kai daga cokali ba.

Inna ta zo ranar Alhamis ta kwana. Ranar Juma'a da safe aka ba yarinyar rubutun yaye, Inna ta ɗaure ta a baya, ta ce kwana goma za ta yi a wurinta, ta manta da nono. Maigidana ya raka su inda motar kasuwa ke tsayawa. Ni ban raka su ko zaure ba. Ina durƙushe ina dirzar tukunyar da na riga na wanke, ina jin kukanta yana nisa har ya ɓace cikin ƙarar injin niƙa.

Washegari Asabar ita ce ranar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Duk gidan aka taru a ɗakin mai gidan haya ana kallo a talabijin, maza suna gardama ko da gaske sojan nan za su zauna a bariki. Ni ina ɗaki a kwance, ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse, ko hannu ba na iya ɗagawa. Maƙwabciyata ce ta leƙo, wata 'yar kudancin Kaduna da muke kira Maman 'Yan Biyu. Ta dube ni, ta koma ta ɗauko tsohon zane ta ɗaure mini ƙirji tam.

"Sori, Maman Bebi. Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Kin ci a ina? Tukunyarki tun jiya a kife take." Ta ja ɗaurin har na yi nishi. "Ku da wannan kunya taku. Ni ranar da aka kai 'yan biyu wajen mamata, kwana ɗaya na yi na bi su. Na shiga na ce ina 'ya'yana."

"Mu ba ma yi."

"To ku zauna ku mutu da kunya," in ji ta, ta tafi ta kawo mini shayi. Ya huce a inda ta ajiye shi.

Da la'asar ina kakkaɓe gado sai ga shuɗin cokalin nan a ƙarƙashin matashi. Na zauna riƙe da shi. Cokalin da ko da shi ma da ƙyar take karɓa, ga shi an tafi an bar shi. To da me Inna ke ba ta? Kwana biyu ke nan, me ya shiga cikinta?

Maigidana yana bakin ƙofa ya kifa keke yana ɗiga wa sarƙa mai, don dama ranar Lahadi zai kai wa Inna sukari da sabulu. Na tsaya a bayansa.

"Malam, an manta cokalinta."

"Kawo in tafi da shi."

"Zai iya faɗuwa a hanya."

"A aljihu zan sa."

"Aljihunka ya huje."

"Ke kika ɗinke shi shekaranjiya."

Ya ci gaba da juya feda da hannu, sarƙa tana tafiya a hankali. Can ya ce, bai dube ni ba, "Kin san babu mota sai wata Juma'a. Ga wahalar mai."

"Na sani."

"Ni kaɗai awa uku nake yi. Da goyo ban san iyaka ba. Kuma in ta gan ki, yayen ya lalace. In Inna ta gan ki kuwa, ke kika san inda za ki sa fuskarki."

"Ba wanda zai gan ni. Ta bayan danga zan leƙa. In ga ko tana ci, shi ke nan, mu dawo."

Ya dubi tayar baya. Sannan ya ce in nemo tsohon zane in ninka huɗu, kariya ba kujera ba ce. Ni kuma na tuna da ƙararrawa. Na ce masa in ya kaɗa ta a ƙofar gidan Inna, yarinyar za ta neme ni. Ya ce shi ba yaro ba ne, zai kiyaye. Ban yarda da babban yatsansa ba. Na yago tsumma, ya kwance murfin ƙararrawar na cusa a ciki, ya mayar. Ya danna, ta yi wani ƙus kamar kaza mai mura. Rabona da dariya tun ranar Alhamis.

Muka fita bayan sallar asuba, gari ya fara haske. Na zauna a karkace a kan kariya, ƙafafuna a gefe ɗaya, cokalin a ƙulle a bakin zanena. Ya ce in ya karkata in karkata tare da shi, kada in sa ƙafa kusa da wayar taya, kada kuma in yi tsalle in sauka ko me na gani. Wata ashirin da ɗaya ina goyo, yau ga ni an goya ni. Na rasa inda zan riƙe, na kama ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi. Da muka faɗa ramin farko sai na kama rigarsa, ban kuma sake ta ba.

A gidan mai na bakin hanya motoci sun yi layi har sun shiga kwana. Direbobi na zaune a kan bonet ɗin motocinsu suna jin rediyo, ana ta maimaita jawabin jiya. Wani ya hango mu ya ɗaga murya.

"Malam, sabuwar gwamnati, sabuwar amarya?"

"Tsohuwar ce," in ji maigidana, "wanki da guga aka yi."

Na mintsine shi a haƙarƙari, keke ya yi tangal-tangal, suka bushe da dariya.

Kwalta ba ta yi mini daɗi ba. Duk tirelar da ta wuce sai iskarta ta ja mu ta sake, ni kuwa in runtse ido. A Kakau ya tsaya ya sayi ƙosai mai zafi a wurin wata mata, ya miƙo mini. Na ce ba na jin yunwa. Ya ce tafiya tana gaba. Na ce na ji. Ya cinye nasa, ya naɗe nawa a takarda ya sa cikin jakar sukari, muka ci gaba.

Bayan Kakau kaɗan ya karya hagu, muka hau jar ƙasa, sai duniya ta yi tsit. Babu abin da ake ji sai taya tana taka tsakuwa da kukan kurciya. Damina ta fara, ciyawa sabuwa ce fil, gajeriya, har ana ganin ƙasa ta cikinta. Gonakin doya sun jeru, kowane tulin ƙasa da 'yar hular ganye a kansa. Ga itatuwan kaɗanya suna zubar da 'ya'ya a kan hanya, taya ta taka su su fashe, ƙamshi ya taso. Can nesa duwatsu baƙaƙe sun kwanta kamar shanu bayan kiwo. Na riƙa gane wurare tun kafin ya faɗa. Nan ne jar ƙasar gwiwarsa. Nan ne ciyawar da ke mannewa. Hanyar tana hawa tana sauka, tana hawa tana sauka, kuma duk hawan da muka yi a bayansa nake jin sa, don numfashinsa yakan canza tun kafin idona ya ga tudun.

"Kin fi buhun masara nauyi," in ji shi.

"Buhun masara yana yi maka wanki?"

"Shi ba ya mintsini."

Tudun Sauka kuwa ya ci sunansa. Muka sauka, shi ya riƙe kan keke, ni ina turawa ta baya, takalmina yana zamewa a kan tsakuwa. Ƙirjina yana zafi, kowane taku sai na ji shi har cikin hamata. Rigarsa ta jiƙe ta manne da baya. Shekara uku yana zuwa nan duk wata, ya dawo in karɓi ƙullin daddawa da kuka daga Inna, in ce sannu da hanya da baki kawai, ashe ga abin da ke cikin hanyar. Ya ce in daina kallon ƙarshen tudun, in kalli tayar baya kurum. Haka na yi har ƙasa ta daidaita a ƙarƙashin ƙafata.

A saman muka tsaya shan iska. Ban taɓa tsayawa a wuri mai tsawo haka ba. A bayanmu Kaduna ta zama wani ɗan hayaƙi. A gabanmu kwari ne shimfiɗe, kore shar, rafi yana lanƙwasa a tsakiyarsa yana ƙyalli, da 'yan rufin ciyawa nan da can. Ya nuna mini wani dutse mai tsage a ka, ya ce gidan Inna yana gindinsa. Na ga kamar in miƙa hannu in taɓa. Ya ce saura awa ɗaya da rabi.

Daga nan sai Gangaren Salati. Ban tambayi kowa ba. Tun yana danna birki yana ƙara har keken ya ƙwace, iska ta cika mini kunne, mayafina ya tashi, na ji bakina yana salati ba tare da na sa shi ba. Muna shan kwanar ƙarshe sai ga garken shanu ya cika hanya. Na ga yatsansa yana danna ƙararrawa, tana ƙus, ƙus, babu saniyar da ta ɗaga kai. Ya sa ƙafa biyu a ƙasa yana ja, ƙura ta tashi, muka tsaya hancin wani farin sa yana kusan taɓa kan keke. San ya dube mu, ya ci gaba da tuƙa.

Maigidana ya sauka daga keken. Ya kwance murfin ƙararrawa, ya zaro tsumman ya sa a aljihu. Ya ce gaba akwai mata masu ɗauko itace, hanyar kuma siririya ce, in mun kusa gari sai a mayar. Na ce to. A yadda na tsorata, da ya ce a jefar da tsumman ma da na ce to.

A ƙasan kwarin muka iske rafin. Ruwan ya kai gwiwa, ja-ja saboda ruwan sama na kwanan nan. Ya naɗe wando, ya saɓa keken a kafaɗa ya ƙetare, ya dawo ya riƙe hannuna. A ɗaya gefen wata tsohuwa 'yar ƙabilar Gbagyi tana zaune a kan dutse, ta sauke ƙwaryar kayanta daga kafaɗa tana hutawa. Muka gaisa. Ta dubi gaban rigata, ni ma na duba. Nono ya ɓullo ta cikin ɗaurin Maman 'Yan Biyu ya yi taswira biyu. Na ja mayafi na rufe.

"Yaro yana ina?" in ji ta.

"Gidan kakarta. Yaye."

"Kwana nawa?"

"Yau uku."

Ta yi dariya, haƙoranta uku ne ko huɗu. "Ashe ke ake yayewa," ta ce. Ta ɗebo ruwa a tafin hannu ta nuna mini in shafa a wuya. Na shafa, sanyin ya ratsa ni har baya.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da muka iso gindin ɗorawar da ke bakin ƙauyen. Nan na sauka. Shi zai bi ta ƙofar gida, ni in zagaya ta gonar kuɓewa zuwa bayan danga. Muka maimaita shirin sau biyu. Ya ce in ba shi cokalin, na ce sai mun zo tafiya. Babu wanda ya tuna da tsumman aljihu.

Na sami wata kafa a jikin zana, daidai bayan rumbu, na durƙusa na sa ido. Ga Inna a kan tabarma a inuwar ɗaki, ta miƙe ƙafafu, ga ƙwaryar kunu a gefenta. Ga yarinyar a tsakanin ƙafafunta, ba riga, sai ɗan wando. Idanunta sun kumbura, kanta ya yi mini girma a kan wuyan. Na cusa bakin mayafi a bakina. Inna tana ɗebo kunu da ƙaramin ludayi, tana kai shi kusa, tana janyewa, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ƙawata, ba za ki taya ni ba? To bari in ba akuya. Akuya, zo ki sha, ƙawata ta ƙoshi."

Yarinyar ta bi ludayin da ido. Inna ta sake kawo shi, ta tsaya cak. Na ga leɓen yarinyar ya motsa, ya buɗe kaɗan, kaɗan, ludayin ya taɓa shi.

Sai ƙararrawa ta kaɗa a ƙofar gida, sau biyu, ƙarara.

Yarinyar ta ture ludayin, kunun ya zube a ƙafar Inna. Ta miƙe tsaye. Ba ta dubi ƙofa ba. Ta ɗaga hannuwa biyu sama ta juya dama, ta juya hagu, ta juya baya, tana neman wadda za ta ɗauke ta. Da ba ta ga kowa ba, hannuwan suna sama har yanzu, sai ta buɗe baki. Muryar ta dishe, da ƙyar take fita. "Mama. Mama."

Maigidana ya shigo da keke a hannu, yana kallon babban yatsansa kamar na wani ne. Ya durƙusa ya gaida Inna. Ba ta amsa ba sai da ta goge ƙafarta.

"Kwana biyu ina lallashi, yanzun nan ta buɗe baki, sai ga ka da ƙararrawa kamar mai tallan magani."

"Mantuwa ce, Inna."

Ya miƙa hannu zai ɗauki yarinyar, ta ture shi, ta ci gaba da juyi. Inna ta ƙura wa keken ido. Ni ma daga inda nake na ga abin da take gani: zanena, ninki huɗu, ɗaure a kan kariya, har da lotsawar zama.

"Auta, wa ka goyo?"

"Sukari ne da sabulu, Inna."

"Sukarin birni yanzu sai an yi masa shimfiɗa?"

Inna ta ɗaga murya kaɗan, ba ta ma juyo wajen dangar ba.

"Ke da ke bayan rumbu, akwai gidan tururuwa a nan. Zagayo."

Da gaske akwai, sun riga sun hau mini ƙafa, ban ji ba. Ban san yadda na zagayo ba. Na shigo kaina a ƙasa, na zube nesa da tabarma na gaishe ta, ina kallon ƙasa kamar ban san akwai wata yarinya a gidan ba. Ita kuwa ba ruwanta da kunya. Na ji takunta, na ji ta faɗo jikina, ta cusa kai a ƙirjina inda ya fi ciwo, tana jan wuyan rigata da hannu biyu. Hannuwana suna ƙasa, na rasa yadda zan yi da su.

"Riƙe ta mana," in ji Inna. "Ba kowa a gidan sai mu. Amma ba za ki ba ta ba, 'yar nan. In ta koma, sai mun faro daga farko."

Na riƙe ta. Ba ta da nauyi. Ta yi ta tonon ɗaurin zanen nan, ta kasa, ta yi kuka, ta sake tono. Na tambayi Inna, a karo na farko a rayuwata da na yi mata tambaya a kan yarinyar, ko ta ci wani abu. Ta ce ruwa, sai ɗan farau-farau da take ɗura mata in barci ya ɗauke ta. Ta faɗa ba ta ɓoye ba. Sannan ta dube ni da kyau, tun daga taɓon ƙafata har fuska.

"Ke kuma yaushe rabonki da abinci?"

Maigidana ya riga ni. "Tun ranar Juma'a, Inna. Ko ƙosai ta ƙi."

"Uwa da 'ya, duk hali ɗaya." Ta turo mini ƙwaryar da bayan hannunta. "Sha."

Na so in ce na ƙoshi. Amma ƙamshin tsamiya ya daki hancina, sai na ji Tudun Sauka da rafin da duk tafiyar sun taru a cikina sun zama rami. Na ɗauki babban ludayi. Na sha ɗaya, na sha biyu. Kunun da ɗumi, da ɗan yaji na citta. Wallahi a wannan lokacin na manta da Inna, na manta da kunya, har yarinyar da ke cinyata na manta da ita. Sha kawai nake yi, ina jin ƙarar haɗiyata.

Ban lura da lokacin da kukan ya tsaya ba. Na dai ji an riƙe mini ludayi. Ta kama bakinsa da hannu biyu tana ja wajenta, fuskarta a murtuke, kamar na ɗauki abin da yake nata. Na saki. Ta kafa baki, rabi ya zube a kan cikinta, rabi ya shiga. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta ɗago, da gashin baki na kunu, ta tura mini ludayin, wato in sake ɗebowa. Na ɗebo zan kai mata, Inna ta ɗaga yatsa.

"A'a. Ke za ki sha. Ki bar ta ta ƙwace."

Haka muka yi. In kai bakina, ta ƙwace. In kai bakina, ta ƙwace. Har akuyar ta zo ta lashe wanda ya zube ba a kore ta ba. Sai da ƙwaryar ta kusa ƙarewa Inna ta ce, "A gida kina ci a gabanta?" Na yi tunani. Ban taɓa ba. Kullum sai na gama bin ta da cokali, ta yi barci, sannan in ci nawa a tsaye, in ma na ci. Inna ta gyaɗa kai. Maigidana ya zaro ƙosan Kakau daga jakar sukari, ya yi sanyi ya sha mai, na gutsura, aka ƙwace shi ma.

Bayan azahar ta yi barci a jikina, cikinta ya yi tulu, hannunta ɗaya a cikin wuyan rigata. Inna ta zare hannun a hankali, ta ɗauke ta ta kai ɗaki. Ta fito ta ce sauran kwana bakwai, ba ta rage ko ɗaya ba, kuma mu kama hanya tun hadari bai haɗu ba. Na kwance bakin zanena zan ba ta shuɗin cokalin. Ta juya shi a hannu ta mayar mini, ta ce in ajiye na awon gishiri.

A ƙofar gida ta tsayar da ɗanta.

"Cire murfin abin nan ka ba ta. Kai ba a yarda da hannunka."

Ya kwance murfin ƙararrawar ya sa mini a tafin hannu, da zafin rana a jikinsa. Ya tura keken a ƙasa har muka wuce ɗorawa, sannan muka hau. A komawa Gangaren Salati ya zama tudu, muka tura shi tun daga ƙasa har sama, Tudun Sauka kuma ya zama gangare, na sake yin salati. Duk inda muka iske mutane a hanya da baki yake neman hanya, yana "gafara dai, gafara dai," mata masu itace suna yi masa dariya. Ni ina baya, hannu ɗaya a rigarsa, ɗaya a dunƙule da murfin. Da muka hau kwalta a Kakau na ce masa ya tsaya wurin mai ƙosai, ina jin yunwa.